Shingen Jirgin Kwali: Sharhi a Kan Saɓanin Masu Zare da Masu Waya

Daga cikin ayyukan hannu da mutanen Turai suka mayar abin ɗebe kewa, musamman a Jamus da Polan da ƙasar Cek, akwai wani wanda labarinsa bai yawaita a wajenmu ba, shi ne mutum ya sayi littafi na takarda mai kauri wanda aka buga sassan jirgin ruwa a cikinsa, kowane sashe da launinsa da lambarsa, ya zauna da aska da gam yana yanka yana lanƙwasawa yana mannawa, wata da watanni, wani ma har shekara ta kewayo, sa'an nan jirgin ya tashi a kan teburinsa da bindigoginsa da bututun hayaƙinsa da kwale-kwalensa na ceto. Ma'abota wannan fanni sun yi ittifaƙi a kan galibin al'amuransu, amma akwai mas'ala guda wadda saɓaninsu a kanta ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, alhali kuwa ta shafi mafi ƙanƙantar abin da ke jikin jirgin ne, wato shingen nan na ƙarfe da ake kewaye bakin daɓe da shi don kada igiyar ruwa ko santsi su jefa ma'aikaci cikin teku. Da me za a yi shi, da takarda ko da zare ko da waya? A yi shi da hannu, ko a sayo wanda inji ya yanka? Ko kuwa a bar shi ɗungum?

Mas'alar dai ba ta taso tun farko ba. Lokacin da kamfanin J. F. Schreiber na garin Esslingen ya fara buga irin waɗannan takardu a 1878, abin da ake nufi da su shi ne wasan yara da koya musu tsanaki, ba kuwa wanda zai tuhumi yaro a kan kaurin shinge. A shekarun 1950 wata cibiya a Wilhelmshaven ta shiga fitar da jiragenta a ma'aunin 1:250, wato kowane santimita guda na samfuri yana matsayin 250 na jirgin gaske. A 1957 kuma mujallar Mały Modelarz ta fara fita a Polan, inda ta sami karɓuwa ƙwarai, domin a ƙarƙashin mulkin gurguzu samfuran roba na Yammacin Turai suna da tsada da wuyar samu, takarda kuwa tana hannun kowa. A wancan zamani abin da aka saba shi ne a zana shingen da baƙin layi a kan siririn tsiri na kwali, magini ya yanke shi ya manna a tsaye kamar katanga, ko ma a ƙyale shi sam. Sai da yaran da suka tashi da wannan mujalla suka girma suka ƙi barin abin, kamfanoni irin su GPM da Halinski da JSC a Polan da HMV a Hamburg suka shiga buga jirage masu dubban sassa domin manya, sa'an nan katangar nan ta fara tsone wa mutane ido.

Dalilin da ya sa abu ɗan wannan yake da nauyi haka, a ganina, ba kyau ne kaɗai ba. Galibin abin da ke jikin jirgi ba shi da girma ƙayyadadde da ido zai riƙe: bututun hayaƙi yana iya zama babba ko ƙarami, haka bindiga, haka anka, mai kallo ba shi da abin da zai yi ƙiyasi da shi. Shinge kuwa da jikin ɗan Adam aka auna shi, tsayinsa daidai ƙugu ko sama kaɗan, ko a jirgin kamun kifi ko a jirgin yaƙi mafi girma. Saboda haka da zarar ido ya faɗa kansa, zuciya za ta tsayar da mutum a bayansa ba tare da mai ita ya sani ba, daga nan ta auna sauran jirgin. In shingen ya yi siriri daidai, jirgin zai ƙasaita a idon mai kallo. In ya yi kauri, nan take ya koma abin wasan yara, ko da an kashe shekara biyu a kan sauran sassansa. A kan wannan asali nake gina duk abin da zai biyo baya.

Bari mu kawo lissafi, domin shi ke raba gardama. Yarjejeniyar duniya kan iyakar lodin jiragen ruwa, wadda aka ƙulla a Landan a 1966, ta shardanta kada tsayin shinge ya gaza mita 1 daga daɓe, kada tazarar da ke ƙarƙashin sandar ƙasa ta wuce milimita 230, kada kuma ta tsakanin sauran sanduna ta wuce milimita 380. A gyaran da aka yi mata daga baya aka ƙara da cewa turakun su kasance kimanin mita 1.5 tsakaninsu. Jiragen da suka gabace ta ba su bi wannan harafi da harafi ba, amma ba su yi nisa da shi ba, tun da jikin mutum bai sake ba. To, a raba da 200, wanda shi ne ma'aunin da mutanen Polan suka fi so: tsayi ya zama milimita 5, tsakanin turaku milimita 7.5, a shinge mai sanduna uku, tagar ƙasa, wato filin da ke ƙarƙashin sandar ƙasa, milimita ɗaya da ɗan ɗori, na sama biyu kowace ba ta cika milimita 2 ba. A 1:250 tsayin milimita 4 ne, a 1:400 na JSC kuwa milimita 2.5. Duk wannan mai sauƙi ne. Inda gizo ke saƙar shi ne kauri. Sandar sama, wadda hannu ke kamawa, bututu ne na kimanin santimita 4, na tsakiya kimanin rabin haka, wato a 1:200 ana neman abu mai kaurin milimita 0.2 da mai 0.1, na biyun nan kuwa bai wuce kaurin fallen takardar rubutu guda ba. Zaren tela, wanda yakan kai milimita 0.3, in aka sa shi a 1:200 ya zama bututu na santimita 6, a 1:400 kuwa na santimita 12, abin da ba tafin hannun da zai iya damƙe shi.

Sa'an nan ga yawa. Jirgin yaƙin Jamus, Bismarck, wanda aka nutsar a watan Mayun 1941, tsawonsa mita 251 ne, samfurinsa a 1:200 ya ɗan zarce santimita 125. In aka kewaye babban daɓensa kaɗai, dama da hagu, an sami shinge na kimanin mita 500, wato turaku fiye da 330 bisa lissafin da ya gabata, kowanne yana haɗuwa da sanduna uku, mahaɗai kusan 1,000 ke nan, ba a ko taɓa benaye na sama da matakala da dandamalin fitilu ba tukuna.

Mazhaba ta farko ita ce ta masu cewa a bar abin yadda mawallafi ya buga shi, ko a bar shi baki ɗaya, kuma hujjarsu ba abar rainawa ba ce. Mai kallon samfurin 1:400 daga nisan rabin mita daidai yake da mai hangen jirgin gaske daga nisan mita 200, inda shinge ba ya bayyana sai hazo-hazo a bakin daɓe. Idon mai lafiya ma da ƙyar yake rarrabe abin da ya gaza milimita 0.1 a nisan karatu. Ga ƙananan ma'aunai, saboda haka, barin shinge ya fi kusa da gaskiya bisa ga sa mai kauri, a nan kam na yarda da su. Abin da ban yarda da shi ba shi ne katangar kwalin, domin ba ta barin haske ya ratsa, tana kuma ɓoye duk aikin da aka yi a kan daɓe. Wasu sun nemi tsaka-tsaki suka buga layukan a kan leda mai tauri wadda ake gani ta cikinta. A hoto tana ruɗi, amma da an juya jirgin wajen taga sai ta yi walƙiya ta tona asirin kanta.

Ta biyu ta masu tsanantawa ce, waɗanda suke ganin duk abin da ba takarda ba bidi'a ne a jikin jirgin takarda. Su sukan ɗauki tsirin da aka buga, su shafa masa banish ko gam mai ruwa-ruwa don ya yi ƙarfi, su ɗora shi a kan gilashi su fafe tagogin ɗaya bayan ɗaya da sabuwar aska. Tsakanin kowaɗanne turaku biyu akwai tagogi uku, kowace taga yanka huɗu, 12 ke nan. A daɓen Bismarck da muka lissafa, yanka kusan 4,000, wanda in aska ta goce a ɗaya tsirin ya tsinke. Ana samun gwanayen da suke yin haka har a riƙe baki, ba kuma na hana wa kowa ladan haƙurinsa, sai dai takarda tana da haddin da ba ta wucewa: zaruruwan da aka yi ta da su ba sa riƙe juna in faɗin ya ƙanƙance ƙwarai, don haka sandunan sukan fito da faɗi, sun ninka abin da ake nema. A 1:100 hanyar tana da fuska; a ma'aunin da ya fi shi ƙanƙanta wahalarta ta rinjayi amfaninta.

Hanyar zare ita ce mafi shahara ga mai ƙaramin ƙarfi, ta kuma cancanci a daɗe a kanta. Akan sami ɗan firam na katako mai kusurwa huɗu, a auna gefunansa a yi tsaga-tsaga da aska, ko a kafa ƙananan ƙusoshi, ko a manna haƙoran mataji waɗanda za su riƙe zare a tazara ɗaya. A gefe biyu akan jera alamun sanduna uku-uku, a bar fili tsakanin kowane rukuni da maƙwabcinsa, domin a fitar da tsiri biyar ko goma a zama guda. A sauran gefe biyun akan jera alamun turaku. Sa'an nan a ja zare a ɗame shi, na tsawo tukuna, kana na gicciye a bisansa, kai da kawowa, kusan yadda masaƙi yake waɗari kafin ya hau saƙa, illa dai a nan ba a sarƙa zaren da juna, ɗora shi kurum ake yi. Sharaɗin ingancin aikin duka shi ne na sama ya taɓa na ƙasa a kowace mahaɗa, domin inda suka rabu, ko da ɗan kaɗan ne, gam ba zai haɗa su ba, ba kuwa za a gane ba sai ranar yanka.

A kan gam ma ƙauli biyu ne. Farin gam na kafintoci, in an tsarma shi da ruwa an shafa da burushi mai laushi sau biyu ko uku, yana barin zaren da ɗan taushi, har a iya kewaye dandamali da shi bai karye ba, amma yakan saki jiki in iska ta yi laima. Gam mai saurin kamawa, wanda aka sani da Super Glue, yana ratsa zare ya sandarar da shi cikin daƙiƙa kaɗan, sai dai yana sa shi gautsi har ya tsage a kusurwa, ga tururinsa mai yaji a ido, ga shi kuma yana ɗaukar zafi in ya sami auduga mai yawa, abin da ya wajaba a kiyaye. Ko wanne aka ɗauka, illar da ta fi ɓata aiki guda ce, gam ya shimfiɗu cikin taga ya rufe ta da yana, ko ya taru a mahaɗa ya yi gudaji, maganinta kuwa a tsotse rarar da gefen takarda tun tana ɗanya. Ɗan gudajin da ya rage, in ƙarami ne kuma daidai yake ko'ina, ba aibi ba ne ga tsofaffin jirage, domin turakunsu da yawa suna da dunƙule a inda sanda ke ratsa su.

Zaren auduga yana da gashi-gashi da ke miƙewa in ya sha gam. Masu ɗaura igiyoyin samfuri sukan kwantar da shi da kakin zuma, amma a nan kaki makaruhi ne, domin yana hana gam da fenti kamawa. Siliki ko siririn zaren roba ya fi. Fenti kuwa tun zaren yana kan firam ake yinsa, a tsinke shi ƙwarai, tun da kowane shafi ƙarin kauri ne. Sa'an nan a ɗora a kan gilashi a datse turakun daidai da sandar sama, a bar musu ƙafa a ƙasa. Aibin da hanyar ba ta rabuwa da shi shi ne hawa biyu ce, turke a kan sanda, amma a 1:200 sai mai neman laifi da gilashin ƙara girma yake ganin wannan, muddin an fuskantar da turakun waje ɗaya a duk jirgin.

Masu waya kuwa, in ana maganar sakamako tsantsa, su ke da rinjaye, ba kuma sai an sayi komai ba. In aka feɗe tsohuwar wayar lantarki mai laushi za a tarar da siraran wayoyin jan ƙarfe masu kaurin milimita 0.1 zuwa 0.2, wato daidai abin da lissafinmu ya nema. Silin yakan fito a murɗe, sai a kama bakinsa biyu da filaya a ja a hankali har a ji ya ɗan ba da kai, nan take ya miƙe sambal, ya kuma ƙara tauri saboda jan da ya sha. Daga nan a zana shingen a kan takarda, a manna ta a katako, a jera wayoyin bisa zanen a danne bakunansu da salatif, a ɗiga ruwan nan da ke sa dalma ta bi ƙarfe, a taɓa kowace mahaɗa da bakin ƙarfen soda wanda ɗan ƙyas na dalma kaɗai ke jikinsa. Wayar naɗin koyil ma tana yi, amma tana da rufin banish wanda dalma ba ta kama shi, sai an kankare ko a koma ga gam. Bayan an gama wajibi ne a wanke aikin sarai, in ba haka ba ragowar ruwan dalmar zai ci ƙarfen ya yi kore a ƙarƙashin fenti.

Falalar waya ita ce tana riƙe duk siffar da aka ba ta. A naɗa ta a jikin ƙusa ko alƙalami wanda ya ɗan fi dandamalin ƙanƙanta, domin takan ɗan warware in an saki, sai ta zauna a da'ira ba tare da kokawa ba. A karya kusurwa a daidai kan turke, sai ta tsaya cak. Da yake kuma ana iya barin kowane turke na uku ko na huɗu da doguwar ƙafa a soka shi cikin hudar allura a daɓe, shingen yana da gindin zama, saɓanin na zare wanda yake tsaye a kan ɗigon gam. Illarta ita ce ba ta yafiya: hannun riga ya goge ta, ta lotsa, miƙar da ita kuwa a kan jirgin da aka riga aka gama ya fi yin sabuwa wuya.

Akwai wata ɓoyayyiyar illa da masu firam da masu saye duka suke tuntuɓe da ita, ita ce kuwa babbar hujjar gina shinge a kan jirgin kansa. Daɓen jirgi ba shimfiɗaɗɗe ba ne. Galibi yakan ɗaga zuwa goshi don ya tare igiyar ruwa. Sandunan shinge suna bin wannan hawa, turaku kuwa suna nan a miƙe sama ɗoɗar. Shingen da aka yi a kan firam, ko aka sayo na gama-gari, kusurwoyinsa duk a daidaice suke, saboda haka in aka ɗora shi a kan hawan goshi sai turakunsa su kishingiɗa baya, ido kuwa yana kama wannan ko da mai shi bai san abin da ya dame shi ba. A matakala abin ya fi muni. Mafita ita ce a gina shingen a wurinsa: a yanka turaku na waya, a huda daɓe da allura bisa tazara, bayan an riga an ƙara masa kwali a ƙarƙashi don hudar ta sami nama, a kafa su ɗai-ɗai ana gwada tsayinsu da ɗan tsirin kati mai milimita 5, a bari su bushe, kana a ja zare ko siririyar waya daga turke zuwa turke ana ɗiga gam da tsinin allura, sandar ƙasa tukuna, ta sama a ƙarshe. Ita ce mafi jinkirin hanyoyi, ita ce kuma take bin jirgi duk inda ya karkata.

Na saye iri biyu ne. Akwai na tagulla, wanda ake buga zanensa a kan fallen ƙarfe, a tsoma cikin sinadarin da ke cinye duk inda ba a rufe ba. Akwai kuma na kwali da hasken leza ya yanka, wanda ya yaɗu a farkon ƙarnin nan. Ba a musun daidaitonsu, ba hannun da zai jera turaku 300 yadda inji ke yi. Amma sandunansu a baje suke, ba a mulmule ba; na leza gefensa yakan ƙone, yana kuma shan fenti ya kumbura in ba a fara ƙarfafa shi ba; sau da yawa kuɗinsu yakan kai na littafin ko ya zarce shi, abin da ke rushe dalilin da ya kawo mutane da yawa ga takarda tun farko, wato araha.

Amma tambayar ko jirgin da aka sa wa waya yana nan a matsayin jirgin takarda, ni a wurina jayayya ce ta lafazi. Tun zamanin tsofaffin bugu, umarnin da ke cikin littattafan kansu yana cewa a yi sandar tuta da waya ko tsinke, a ja igiyoyi da zare, ba wanda ya ce an fita daga fanni. Wanda ya halatta zare a sama kuwa ba shi da hujjar haramta shi a bakin daɓe. Masu shirya gasa a Polan sun raba gardamar ta hanya mai kyau, suka ware aji guda ga wanda ya gina abin yadda aka buga shi, wani ajin ga wanda ya ƙara abin da ya ga dama, kowa ya shiga inda ya dace da niyyarsa. Tun da halas da haram sun shigo zance ma, mai karatun da ke da waswasi ya kwantar da hankalinsa, domin malamai ba su hana suranta abin da ba shi da rai ba, jirgi kuwa yana cikinsu.

Da yawa daga kurakuran shinge ba na hannu ba ne, na rashin duba hoton jirgin ne. A manyan jiragen yaƙi na da, shingen babban daɓe galibi turaku ne masu kwanciya da aka ratsa musu igiyar ƙarfe ko sarƙa, akan kwantar da su in an yi shirin faɗa don kada su tare bindigogi. Wanda ya juya manyan bindigoginsa gefe kamar suna harbi, ya bar shinge tsaye a gabansu, ya gama hali biyu da ba sa haɗuwa. Sarƙa kuma takan ɗan yi ciki tsakanin turaku, a nan zare ya fi tagulla gaskiya. Jiragen fasinja sandunansu sun fi yawa, huɗu ko biyar, da katako a sama. Akwai giɓi a inda ake ɗaure igiya da inda ake sauke matakala da kwale-kwale. Shingen benen matuƙi sau da yawa a lulluɓe yake da tamfol saboda iska, wannan kuwa rangwame ne ga magini, domin 'yar siririyar takarda da aka shafa wa fenti ta wadatar. Farin fenti yana ƙara wa abu kauri a ido, gara a ɗan sirka shi da toka-toka. Wajen ɗorawa kuma, daga tsakiyar jirgi ake farawa zuwa waje, daga sama zuwa ƙasa, shingen bakin daɓe shi ne na ƙarshe, don kada hannu ya riƙa tsallake abin da aka riga aka kafa.

Mai son gwadawa a ƙasashenmu yana da dalilin da zai ƙara karkata shi ga waya, domin tsakanin laimar damina da bushewar hunturu zaren auduga da farin gam ba sa zama a hali guda, takardar kanta ma tana motsi, jan ƙarfe kuwa ba ruwansa, ga shi a kowane shagon mai gyaran rediyo. Abin da na rinjayar shi ne: a 1:400, wanda ba zai sayo na tagulla ba ya bar jirginsa ba shinge, ba laifi a kansa, a 1:100 ba uzurin barin waya da dalma, a 1:200 da 1:250, inda galibin jiragen kwali suke, a yi miƙaƙƙun wurare a kan firam don a rage wahala, goshi da matakala da duk inda daɓe ya hau a kafa musu turakun waya ɗai-ɗai, da sharaɗin kauri da launi su zama iri ɗaya, domin ido ya fi saurin kama bambanci tsakanin shinge biyu a jirgi guda bisa ga kuskuren da ya game su duka. Kada kuma mai farawa ya fara da Bismarck. Ya nemi ɗan jirgin jan kaya ko na kamun kifi, ya yi tsiri guda na gwaji, ya yanka ɗan kati mai tsayin milimita 8.5, wanda shi ne mutum mai mita 1.7 a ma'aunin 1:200, ya tsayar da shi a bayan tsirin ya duba daga nisan rabin mita. In ya ga sandar ta fi ƙarfin hannun mai wannan tsayi, ya sake neman wadda ta fi siriri tun bai ɗiga gam a daɓe ba.